Kurakuran da muke yi wajen turara ɗaki da shafa man ƙamshi

Da hunturun bara na leƙa wata ƙanwata da ke aure a wajen Ƙofar Ƙaura. Na tarar ta rufe tagogi ruf saboda ƙura, ta saki labule, kasko na tsakiyar ɗaki garwashi jajir. Ta ce, "Yaya, tun Magariba kaina ke sarawa, shi ne na ƙara sandal ko na samu barci." Sai da na fitar da kaskon tsakar gida, na buɗe taga, sannan na amsa mata gaisuwa.

Wannan shi ne kuskure mafi muni, kuma laifin ba na sandal ba ne, na gawayi ne. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Tana kama jini fiye da iskar da muke buƙata sau 200 da ɗoriya. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, wato daidai abin da mace za ta ɗauka gajiyar aiki ce, ta ƙara turare ta kwanta. A hura gawayin a waje, a shigo da shi a turara ɗaki na ɗan lokaci babu kowa a ciki, a fitar da kasko, a bar taga ta sha iska kafin a kwanta. Kada kasko ya kwana a ɗaki ko da garwashin ya yi toka. Bona ta lantarki ta raba ki da gawayi, amma hayaƙin turaren yana nan, don haka ɗakin maijego da na mai asma a turara musu kaya a waje kawai. Na san gwaggonni ba sa son jin wannan, amma huhun jaririn kwana bakwai ba na shaƙar hawi da farce ba ne.

Abin da ke sa mu zabga turare kuwa hanci ne. Bayan 'yan mintuna yana sabawa ya daina sanar da ke, sai ki zaci ƙamshin ya tafi. Bai tafi ba, baƙuwar da ta yi sallama yanzu ita ke shan wuyarsa. Ki fita tsakar gida ki dawo kafin ki ƙara. Haka na'urar nan mai fesa tururin mai: minti 30 zuwa 60 ya isa, ba sai ta kwana tana aiki ba.

Sai ƙananan kwalaben tataccen mai da suka shigo yayi, na lafanda, na'a-na'a, kanumfari, kirfa, da na bishiyar turare. Mutane na ɗaukarsu kamar humra, su ɗiga a hannu su murza a wuya. Ba humra ba ne. Na kirfa da na kanumfari suna ƙona fata in aka shafa su zalla. A sirka da man kwakwa, man zaitun ko man riɗi: ɗigo 12 a cikin mililita 30, wato cokali biyu na cin abinci, shi ne kusan kashi 2 cikin 100. Fuska a rage zuwa rabin haka. A fara gwadawa a cikin damtse, a jira awa 24. Ɗiga shi a bokitin wanka ma ba sirki ba ne, mai ba ya narkewa a ruwa, yana tasowa sama ne ya manne a fata da ƙarfinsa.

Man ɓawon lemun tsami da na bagamot, wani nau'in lemu, suna da wata illa da ta shafe mu sosai a nan Katsina: in rana ta bugi wurin da aka shafa, fata na iya ƙonewa ta bar baƙin tabo. A shafa da dare, kada a shafa a nufi kasuwa.

Kada a sha, kada a ɗiga a shayi. Man bishiyar turare kaɗan ya isa ya jefa yaro cikin haɗari in ya kurɓa, kafur ma haka. Na na'a-na'a kuma ba a kai shi kusa da hancin jariri don mura, yana iya sarƙe masa numfashi. A ɗaga su sama inda hannun yara ba ya kai.

Ajiya ma muna sakaci da ita. Zafin Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40, yana lalata man da aka jera a bakin taga ko aka bari a mota, kuma lalataccen mai ya fi saurin jawo ƙaiƙayi. Kwalba mai duhu, murfi a ɗaure, cikin durowa. In za ki saya a Babbar Kasuwa ki duba: idan na wardi da na lemu kuɗinsu ɗaya, na wardin haɗin sinadari ne, domin tataccen man wardi yana cikin mafiya tsada a duniya. Zai yi miki ƙamshin labule da zannuwan gado, amma kada ki biya shi kuɗin na asali.