Kurakuran da kwamitocin sa kai suka fi yi a ƙungiyoyin sama wa nakasassu aiki

A garuruwan Jihar Kebbi, daga Birnin Kebbi zuwa Argungu da Yauri da Zuru, ana samun ƙungiyoyin agaji da ke ƙoƙarin raba masu buƙata ta musamman da bara, ta hanyar koya musu sana'a ko nema musu aikin albashi. Galibin masu riƙe da ragamarsu 'yan sa kai ne, malaman makaranta da 'yan fansho da 'yan kasuwa, waɗanda ba a biyan su ko kwabo. Niyyarsu ta alheri ce, amma abubuwan da ke durƙusar da irin waɗannan ƙungiyoyi kusan iri ɗaya ne a ko'ina, kuma kowanne yana da gyara.

Mafi girman kuskure shi ne a kafa kwamitin amintattu ba tare da nakasasshe ko ɗaya a cikinsa ba. Akan cika kujeru da manyan gari saboda sunansu, sai ranar rabon kaya a gayyato Sarkin Makafi ko Sarkin Guragu domin a ɗauki hoto. Daga nan ne ake sayo keken ɗinki na ƙafa a miƙa wa wadda ƙafafunta suka shanye, ko a kira taro a saman bene, ko a tara kurame a yi musu jawabin awa guda babu tafintan maganar hannu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gyaran shi ne a rubuta a cikin tsarin mulkin ƙungiya cewa wasu kujeru na nakasassu ne, da cikakkiyar ƙuri'a, kuma a kula kada rukuni ɗaya ya mamaye su, domin buƙatar makaho daban take da ta kurma ko zabiya ko wanda ya warke daga kuturta, kuma mata sun fi kowa saurin a mance da su. Kujerar ma ba ta wadatar ba sai an biya kuɗin mota, an zaɓi ɗakin da keken guragu zai shiga, an kuma aika wa makafi ajandar taro da saƙon murya ta WhatsApp tun kafin ranar. Reshen jiha na haɗaɗɗiyar ƙungiyar nakasassu ta ƙasa, JONAPWD, wuri ne da za a nemi shawara kan wakilai.

Kusa da wannan akwai auna nasara da yawan waɗanda aka yaye. Kwamiti yakan yi murna an raba takardun shaida da kayan aiki, alhali bayan watanni an sayar da kayan a kasuwa saboda babu jari, babu shago, babu mai saye. A ganina tambayar da ta kamata ta buɗe kowane zaman kwamiti ita ce, cikin waɗanda aka yaye a shekarar da ta wuce, mutum nawa ne ke samun abin masarufi da sana'ar a yau? Ba a samun amsa sai da rajista mai ɗauke da suna da unguwa, da wanda aka ɗora wa alhakin kai ziyara bayan wata uku da bayan wata shida. Haka kuma a duba kasuwa kafin a zaɓi sana'a. Jihar da ke da shinkafa da masana'antun casarta, da albasar Aliero, da kifin Yauri da Argungu, tana da ayyukan awo da ɗurin buhu da rubuta lissafi da dillanci, ga gyaran waya da sana'ar POS, don haka babu dalilin mayar da kowa tela.

Kwamitoci da yawa suna zuwa ofisoshin gwamnati da muryar roƙo saboda ba su karanta doka ba. Dokar haramta nuna wa nakasassu bambanci ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta buƙaci hukumomin gwamnati su ba nakasassu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki gwargwadon iko, kuma wa'adin shekara 5 da ta bayar na gyara gine-ginen jama'a ya cika a Janairun 2024. An kafa hukumar kula da nakasassu ta ƙasa a 2020 domin bin diddigin haka. Ya kamata sakatare ya ajiye jerin nakasassun da suka kammala Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru ko Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, ta yadda da zarar an buɗe ɗaukar ma'aikata za a aika da wasiƙa mai ambaton dokar tare da sunayen waɗanda suka cancanta.

Sha'anin kuɗi shi ne inda zumunci ke ɓata tsari. Zuba gudummawa a asusun shugaba na kansa, ko da amintacce ne, yana jawo zargin da ba ya wankuwa. A yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta ƙasa, CAC, a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, a karɓi takardar SCUML, wato sashen hukumar EFCC mai yaƙi da halasta kuɗin haram, a buɗe asusu da sunan ƙungiya wanda ba a cire kuɗi sai mutum biyu sun sa hannu, a kuma miƙa wa CAC rahoton shekara tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba. Dokar ta hana ɗan kwamitin gudanarwa riƙe muƙami mai albashi a ƙungiyar, amma ta yarda a mayar masa da abin da ya kashe daga aljihunsa, saboda haka a riƙa ajiye rasit. Idan ɗan'uwan wani ɗan kwamiti ne ke neman kwangilar kawo kaya, to ya bayyana hakan, ya fita daga ɗakin har a gama yanke shawara.

Wanda ya kafa ƙungiya yakan zauna a kan kujera har ƙarfinsa ya ƙare, takardu kuma suna gidansa. A ƙayyade wa'adin shugabanci, a raba aiki yadda ba zai danne mutum ɗaya ba, a ajiye takardar rajista da littafin lissafi da bayanan zaman kwamiti a inda sakatare da ma'aji za su iya ɗauko su ko da shugaba ya yi tafiya.