Daga Kwari zuwa tukubar mai tsire: yadda namiji zai yi sayayya, ya ci, ya yi hirar dare a Kano

A Kano kowace harka da lokacinta. Wanda ya shiga Kantin Kwari da ƙarfe biyun rana zai ci wahalar cunkoso, ya sayi kaya cikin gajiya, wanda kuma ya je wurin mai tsire da ƙarfe goma sha ɗayan dare ragowa zai samu. Tsarin da ya fi sauƙi shi ne kasuwa da hantsi, tela da mai wankin hula bayan azahar, wurin wasa bayan la'asar, nama bayan magariba, shayi da hira bayan isha'i.

Sayen shadda da yadi

Kwari babbar kasuwar yadi ce, kuma Kwarori, wato 'yan kasuwar Labanon da Siriya, su ne suka fara kafa kantuna a wurin. Ka shiga tsakanin ƙarfe goma da sha biyu, lokacin an buɗe shaguna, masu sari daga wasu garuruwa ba su gama cika layuka ba. Ranar Juma'a kasuwa tana tsayawa saboda masallaci. Idan da mota ka zo, ajiye ta nesa a wurin da ake biyan kuɗin ajiya ka ƙarasa a adaidaita sahu, domin tsayawa a gefen titi a wannan yankin kan jawo maka tarar 'yan KAROTA, masu kula da zirga-zirgar ababen hawa a jihar.

Tun daga bakin layi wani zai tare ka da "Alhaji me ake nema?" Sau da yawa ɗan kayi-nayi ne, ba shi da shago, zai kai ka wurin mai kaya ya ɗora nasa a kan farashi. Sana'a ce, kuma yana rage wa baƙo yawo, amma ka san cewa kai ne za ka biya la'adarsa. In kana da lokaci, taya kaya iri ɗaya a shago uku kafin ka ciro kuɗi. Idan an ce maka "albarka", ƙara kaɗan-kaɗan. In kuwa an sallama maka a kan tayinka, ka saya, don janyewa bayan sallamawa abin kunya ne a kasuwa.

Lissafin yadi: kaftani da wando na mutum matsakaici yadi biyar ne na shadda, ko yadi huɗu na yadi mai faɗi. Babbar riga da 'yar ciki da wando yadi goma. Mai tsayi ko mai jiki ya ƙara rabin yadi zuwa ɗaya, gara ya yi saura da a yi masa ƙari a gindin wando. Ka tambaya da yadi ake auna maka ko da mita. Yadi inci 36 ne, mita kuwa ta ɗan haura inci 39, saboda haka mita goma ta kusa yadi goma sha ɗaya. A auna a gabanka, kana kallon hannun mai awo, kada ya ja ƙyallen ya miƙe shi.

Gizna, wato Getzner, daga ƙasar Ostiriya take zuwa, kuma ita aka fi kwaikwaya. Rubutun da ke bakin ƙyalle bai isa shaida ba, masu jabu ma suna buga shi. Fito da shaddar bakin shago ka gan ta a hasken rana, domin fitilun shago suna ƙara ƙyalli kuma suna sauya launi, musamman ruwan toka da ruwan madara. Jiƙa farin hankici ka goga a gefe ɗaya: in launi ya fito, za ta zuba a wankin farko. Murza kusurwarta tsakanin yatsu biyu. Wadda aka cika wa gam za ta yi laushi nan take ta bar ɗan gari a yatsa, alamar ƙyallinta ba zai wuce wanki biyu ba. Gwaji mafi tabbas shi ne na wuta. Zare ɗaya za ka zaro, ka fita waje ka kunna masa ashana. Auduga tana cinyewa ta zama toka mai warin takarda, leda kuwa narkewa take ta dunƙule. Ga mai zama a gari mai zafi irin Kano wannan ba ƙaramin abu ba ne, ƙyalle mai leda a watan Afrilu azaba ne.

Tela, hula da takalmi

Yawancin ɓacin ran maza a kan sutura a wurin tela yake faruwa, kuma rabinsa laifin mai kaya ne. Ɗinkin ƙaramar Sallah a kai shi kafin a kama azumi. Wanda ya kai a goman ƙarshe yaron shago ne zai ɗinka masa cikin dare, da barci a idonsa. Ka tafi da rigar da ta fi zama maka daidai, a auna ta a kuma auna jikinka. Wurare uku aka fi kuskure: faɗin kafaɗa, zagayen wuya, da tsawon hannu idan mai links ne, wanda ya kamata ya tsaya a kan ƙashin wuyan hannu. Ka ga an rubuta awon a littafi, an manna guntun ƙyallenka a shafin. Biya rabi, sauran sai ka gwada. Ranar da za ka gaya wa tela ta riga ranar bukatarka da mako guda.

Idan za a yi aiki, duba zaren. Zare mai arha yana zuba a kan farar shadda, kuma ba ya fita. Aikin kwamfuta yana da sauri da tsabta, amma in ya yi nauyi a kan ƙyalle mara kauri sai gaban rigar ya tattare. Aikin hannu irin su aska biyu da aska takwas, wanda Zariya ta yi suna a kansa, yana cin makonni, wani ma watanni, kuma shi ke daɗewa.

Shadda ba ta son burushi, ba ta son garin sabulu mai ƙarfi. A jiƙa ta ɗan lokaci, a wanke da sabulu mai laushi, a shanya a inuwa a juye, a sa sitaci daidai, sannan a kai wa masu bugu. Bugun da ake yi da guduman itace a kan gungume shi ke dawo mata da ƙyalli. Dutsen guga mai zafi a kan fuskarta kuwa kashe shi yake. A kusa da marinar Ƙofar Mata, wadda aka kafa tun 1498, akwai masu wannan sana'a.

Hula sai ka san lambarka. Zagaya tef a kanka, yatsa ɗaya sama da gira. Yawancin maza suna tsakanin inci 21 da 23. Juya hular ka duba cikinta. Ta hannu, ko Zanna Bukar ce ko Bama ko Damanga, za ka ga ƙullin zare da 'yar rashin daidaito, ta inji kuwa sumul take kamar an buga. Saƙa mai matsewa, wadda haske ba ya ratsa ta sosai, ita ce ke jure wanki. Kada ka sayi wadda ta matse ka da fatan za ta saki, sitaci ƙara ɗaure ta yake. Ka faɗa wa mai wankin hula lambarka, domin in ya ɗora ta a gungumen da ya fi ta girma ya buɗe ta ke nan har abada. Launin hula ya ɗauko ɗaya daga launukan aikin riga, shi ke nan an gama kwalliya.

Takalmin fata ɗinkin gida ana samunsa a Ƙofar Wambai da Kasuwar Kurmi, wadda take ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Shinshina shi, fata tana da warinta. Lanƙwasa shi ka ga ko fuskar tana tsagewa. Duba ƙasan ko ɗinki ne ya riƙe shi ko gam kaɗai, don gam kaɗai ba ya kai ƙarshen damina. Gwada da yamma, lokacin ƙafa ta ɗan kumbura.

Turaren mai da tola ake sayar da shi, kusan mililita 12. Shafa a bayan hannu ka zagaya kasuwa minti talatin kafin ka yanke shawara. Wanda aka tsinka da yawa ƙamshinsa zai gudu. Kada ka ɗiga shi a kan farin kaya, tabo yake bari. A wurin aski kuma ka je da injinka, ko ka ga an ɓare sabuwar reza a gabanka.

Nama

Mai tsire yakan hura wuta bayan la'asar, kuma naman farko yana sauka wajen magariba. Daga nan zuwa ƙarfe tara shi ne lokaci. Tsaya ka kalli tukubar kafin ka yi magana. Tsiren yau jiki gare shi, ƙulinsa ja-ja ne, mai yana tsattsafowa daga naman kansa. Kwantan jiya ya yi duhu, ya ƙanƙance a jikin tsinke, kuma za ka ga ana ta yayyafa masa mai don ya farfaɗo. Karɓi ɗanɗano. In akwai ɗan tsami ko warin tsohon mai, yi godiya ka wuce. Wurin da mutanen unguwa suke tsaye suna jira ya fi wurin da ya sha fitilu babu kowa, saboda nama ba ya kwana a inda ake ciniki.

Balangu na rago ya fi daɗi a haƙarƙari da ƙirji, inda tsoka ta haɗu da kitse. Cinya zalla bushewa take. Mai son laushi ya nemi tantaƙwashi, mai son maiƙo ya ce a sa masa tozon sa. Hanta da ƙoda a gasa su sosai, kuma a ci su da zafinsu. Ka zaɓi gutsuren da hannunka, a yanka a gabanka, a mayar kan wuta. A zuba yaji a gefe, domin yawan yaji yana ɓoye naman da ya fara juyawa. Albasa da tumatir da kabeji da aka yanka tun rana suna zaune a buɗe su ne suka fi ɓata ciki, ba naman ba. Ce a yanka maka sabuwar albasa. A naɗe a takarda mara rubutu, tawadar jarida tana narkewa a jikin mai. Kuma kada ka ɗaure nama mai zafi a leda zuwa gida mai nisa, gumi zai yi ya saki.

Abokin tsire a Kano gurasa ce, musamman bandashe: a yayyafa mata ruwa ta yi laushi, a barbaɗa ƙuli-ƙuli da yaji, a zuba man gyaɗa da albasa. Ɗaya ta ishi mutum idan da nama.

Kilishin tsaraba a Agadasawa aka san shi. Ɗaga shi sama ka gani, mai kyau siriri ne, yana karyewa ba tare da ka yi kokawa da shi ba, kuma ba labu, wato kwaɓin gyaɗar da ke jikinsa, ne ya fi naman yawa ba. Jan yana da launi da aka ƙara masa, farin shi ne ɗanɗanon gyaɗa da kayan ƙamshi suka fi fita. A ɗan gasa maka shi kafin a naɗe, ka bari ya huce sarai. Da damina kilishin da aka rufe da ɗumi yana yin fumfuna cikin 'yan kwanaki.

Idan baƙo za ka kai cin abinci, ko maganar kasuwanci za a yi a zaune, gidajen abinci na Nasarawa da Bompai sun fi natsuwa, kuma a nan ne ake samun girkin Labanon da na Indiya da na Sin. Tambayi ko akwai ƙarin kuɗin haraji da na hidima a kan farashin da ke takarda. Titin Gidan Zoo, inda Ado Bayero Mall yake tun 2014, ya fi hayaniya da matasa, ga shawarma da gasasshen kifi da kaji. Fura da nono kuma ka nemi kindirmo, a dama a gabanka, ka san ruwan da aka yi ƙanƙarar da shi.

Bayan la'asar zuwa dare

Mai son wasa yana da zaɓi biyu masu kyau: wasan Kano Pillars a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, ko dambe a dandalin Ado Bayero da ke Sabon Gari, inda Kudu da Arewa da Guramada suke karawa. Je da wuri ka samu wurin zama kusa da ƙofar fita, ka tafi da canji don kari, ka bar babbar riga a gida. A gidan kallon ƙwallo ka duba janareto da iska kafin ka biya, kuma ranar babban wasa ka zauna ta baya.

Ainihin hirar dare a Kano ita ce majalisa da teburin mai shayi. Baƙo a majalisa ya yi sallama, ya ba kowa hannu daga dama, ya zauna inda aka nuna masa, don kowane benci da mai shi. Ya fi saurare a daren farko, ya kuma guji gardamar siyasa da ta aƙida har sai ya san waye waye. In ya sa aka kawo shayi ko rake ga jama'a, ya yi abin da ake tunawa. A wurin mai shayi faɗi haɗinka dalla-dalla, mai kauri ko ruwan bunu, sukari cokali nawa, in ba haka ba za a cika maka shi. Ƙwai kuma a fasa a kofi kana gani kafin ya shiga kasko.

Kano jihar shari'a ce tun 2000, kuma Hisbah tana kai samame wuraren shaye-shaye da casu. Mai mutunci ya san wurin da zai shiga kafin ya shiga, ko da aboki ne ya gayyace shi.

Shirya komawarka tun kafin ka fito. An hana acaɓa ɗaukar fasinja a birnin tun 2013, sannan a 2022 gwamnati ta sa dokar hana adaidaita sahu zirga-zirga daga ƙarfe goma na dare zuwa shida na safe, don haka abin hawa yana wuya idan dare ya yi. Ka riƙe lambar direban da ka sani. Kada ka shiga adaidaitar da ka tarar da samari biyu a baya a hanyar da babu haske, kada kuma ka riƙa latsa waya a bakin titi ko ta gefen da hannu zai iya kai mata. In masu ƙwace suka tare ka da makami, miƙa musu wayar, sannan ka nemi wata ka kira bankinka a rufe asusunka, ka kuma sa a toshe layin tun a daren.