Kurakuran da Masu Fafutukar Kare Tsofaffi Suka Fi Yi, da Yadda Za a Gyara

Na taɓa zama a gaban wata tsohuwa da takardar tambayoyi a hannuna, lokacin da ƙungiyarmu ta 'yan sa-kai take bincike kan halin da dattawa ke ciki. Ɗanta yana zaune a gefenta. Na ce, "Iya, kina samun maganinki a kan kari?" Kafin ta buɗe baki ya ce tana samu. Na ce kuɗin fanshon fa, yana shiga hannunta? Ya ce ƙwarai kuwa. Ita dai idonta na ƙasa, tana murza yatsunta. Na cike takarda tsaf, na yi godiya, na tafi ina ganin na yi abin kai. Bayan watanni abokiyar aikina ta koma gidan ta tarar da ita ita kaɗai. Ranar ne aka ji cewa katin cirar kuɗin yana aljihun ɗan, maganin hawan jininta kuwa ya ƙare tuntuni.

Laifin nawa ne, kuma shi ne kuskuren da na fi gani a wurin masu wannan aiki: yi wa tsoho tambaya a gaban wanda yake ɗauke da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 6 na masu shekara 60 zuwa sama da ke zaune a cikin jama'a sun gamu da wani nau'i na cin zarafi a cikin shekara guda. Wanda ya fi yawa shi ne na baki, wato tsawa da gori da wulakanci, sai cinye dukiya, sai sakaci, sannan duka. Sau da yawa kuma mai yin abin na gida ne. To yaya uwa za ta tona asirin ɗanta a gabansa, alhali shi zai miƙa mata ruwa bayan ka tafi?

Gyaran ba shi da wuya. Tun daga sallama ka gaya wa mutanen gida cewa ƙa'idar aikin ce, kowa ana ganawa da shi shi kaɗai, don kada wani ya tsargu. In kun keɓe, kada ka ce "ana cin zarafinki?" domin a'a za ka ji. Tambayi abin da ake iya nunawa da yatsa: wa ke riƙe da kuɗinki, yaushe rabonki da shan magani, akwai wanda gabanki ke faɗuwa in ya shigo? Kuma kafin ka fara irin wannan tambaya, ka san inda za ka kai maganar in ta fito, ko ma'aikacin jin daɗin jama'a ko likita ko lauya. Wanda ya tono magana ya tafi ya bar ta, ko ya fita da zafin kai ya tari ɗan da faɗa, ya ƙara wa tsohuwar wahala ne kawai.

A ɓangaren alƙaluma ma akwai rami. Manyan binciken lafiyar iyali da ake yi gida-gida a ƙasashe da dama sun saba tsayar da tambayar mata a kan 'yan shekara 15 zuwa 49. Ƙananan ƙungiyoyi sai su kwafi tsarin ba tare da sun tambayi dalili ba, a wayi gari an yi bincike a kan al'umma, kakanninta ba sa ciki. Waɗanda suka tuna da su kuma sai su zuba kowa a layi ɗaya, "60 zuwa sama". Mai shekara 62 da yake fita aiki kullum da mai shekara 88 da sai an kama shi ya tashi, ratar da ke tsakaninsu ta kai ta uba da ɗa. A raba su kashi-kashi na shekara biyar ko goma, a ware mata da maza, a nuna mai larura da wanda yake zaune shi kaɗai. Bincike ta waya ko ta intanet shi ma yana yaudara, haka nan tambayar waɗanda suka zo taro, don mai ƙarfin zuwa taro ba shi ne ya fi matsuwa ba. Wanda ya fi matsuwa yana kwance a ɗaki, sai an bi shi.

Tunda maganar taro ta zo: na ga an shirya taron wayar da kai kan haƙƙin tsofaffi a saman bene mai matakala ashirin da wani abu, babu makewayi a kusa, jawabi awa uku, takardar bayani da rubutu ƙanana kamar tururuwa. Masu jawabin duk matasa ne, dattawan an jera su a gaba don hoto. Tun 1991 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa damawa da su cikin rukunai biyar na ƙa'idojinta game da tsofaffi, tare da dogaro da kai, kulawa, cika buri da mutunci, kuma shirin duniya kan tsufa da aka amince da shi a birnin Madrid a 2002 ya sake jaddada hakan. Da Hukumar Lafiya ta Duniya za ta fitar da jagoranta na biranen da suka dace da tsofaffi a 2007, zama aka yi da su kansu a birane 33 aka saurare su. Abubuwan da suka kawo ba manyan kalmomi ba ne: wurin zama a bakin hanya, makewayi na jama'a, isasshen lokaci na tsallaka titi kafin danja ta saki motoci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A sa su cikin kwamitin shirya taron tun ranar farko, su zaɓi wuri da lokaci, a kuma ba su abin magana.

Wani ƙaramin abu da ke ɓata irin wannan zama shi ne ihu. Kunnen tsoho yakan fara rasa siraran sautuka ne, saboda haka ɗaga murya ba ya ƙara fahimta, sai dai ya sa mutum ya ji ana yi masa tsawa. Fuskance shi, ka bari haske ya sauka a fuskarka, ka yi magana dalla-dalla, a kashe abin da ke ƙara a kusa.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici kuwa shi ne jin mai wayar da kai da bakinsa yana cewa "ai tsufa ne". Kalmar nan ta binne cututtuka da yawa masu magani. Cutar mantuwa, wadda sama da mutum miliyan 55 ke fama da ita a duniya, ciwon ƙwaƙwalwa ce, ba ƙa'idar tsufa ba, kuma tana shigowa ne a hankali cikin watanni da shekaru. In kuwa dattijo ya kwana lafiya ya tashi a ruɗe bai san inda yake ba, wannan wani abu ne daban: yana iya zama ƙwayar cuta a mafitsara ko huhu, ko ƙarancin ruwa a jiki, ko wani magani da bai karɓe shi ba. Asibiti za a nufa a ranar, ba a ce gigin tsufa a rufe ɗaki ba. Yanar ido ana cire ta da ɗan gajeren aiki mutum ya koma gani. Yawan faɗuwa shi ma yana da dalilai da ake iya bi, daga jirin magani zuwa duhun hanyar makewayi da dare. Duk takardar wayar da kai da ba ta bambanta waɗannan ba, gara a sake rubuta ta.

Haka nan a kula da hoton da ake nunawa. Wani likita ɗan Amurka, Robert Butler, shi ya raɗa wa wariyar shekaru suna a 1969, kuma rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar kan wannan wariya a 2021 ya nuna cewa mutum 1 cikin 2 na ɗauke da irin wannan raini ga tsofaffi. Ƙungiyar da kullum take tallata tsoho a yamutse yana miƙa hannu, ko take cewa sun koma yara, ita ma tana cikin masu rainin, ko da kuwa tausayi ne ya sa ta. Kuma ba a ɗaukar hoton mutum a cikin halin rauni a baza sai da yardarsa, yarda ta gaskiya, bayan an gaya masa inda hoton zai je.

Sai kuma fafutukar rana ɗaya. Ranar 1 ga Oktoba ta tsofaffi ce, 15 ga Yuni ta yaƙi da cin zarafinsu, a yi riguna a yi tattaki, a ce "gwamnati ta kula da iyayenmu", kowa ya watse sai baɗi. Roƙon da ba shi da kai babu wanda zai ce ya ƙi, babu kuma wanda zai aikata. A shekarar 2030 masu shekara 60 zuwa sama za su kai biliyan 1.4, amma wannan adadi ba ya motsa jami'in da ke gabanka. Abin da ke motsa shi shi ne buƙata ɗaya da ke cikin ikonsa: layi na daban ga dattawa a asibiti, ko a riƙa bin marasa ƙarfi gida don tantance fansho maimakon a sa su tsayuwar wuni. A rubuta, a sa rana, a koma a tambaya. A sa masu jinya ma cikin buƙatar, waɗanda galibinsu mata ne da suka bar sana'a, domin gajiyarsu ce kan rikiɗe ta zama tsawa.

In an gama rubuta rahoto kuma, kafin a kai shi ofis, a koma wurin waɗanda aka yi wa tambaya a karanta musu da baki, a bar su su gyara. Mu da muka yi haka, wani dattijo ya tsayar da mu a shafi na biyu ya ce mun rubuta suna son a gina musu wurin taro, alhali abin da suka ce shi ne a sa fitila a hanyar wanda suke da shi.