Yadda za ka kamo tashoshin nesa a matsakaicin zango in kana tafiya

Da farko ka jefa ƙaramar rediyo mai batir a jaka, da iyafis.

In ka sauka masauki kar ka yi gaggawa, bari sai rana ta faɗi, don da dare ne siginar ke dukan sama ta dawo ƙasa, sai ka ji tashar wata ƙasa raɗau.

Cire cajar waya, kashe fitilar LED, su ke kawo ƙugin nan mai ban haushi. Matsa jikin taga.

Murɗa abin neman tasha a hankali daga lamba 531 zuwa 1602 kHz, tsallaken tara-tara, in kuma Amurka kake goma-goma ne.

Zaro eriya ba ta ƙara komai a nan, ta ciki ce ke aiki, rediyon za ka riƙa juyawa har murya ta fito.

Jira awa ta cika tashar ta faɗi sunanta, ka rubuta da lamba da lokaci.