Yadda ake gyara rediyon oba-oba na 'yan sha'awa idan ya kurmance

Rediyo yana aika murya lafiya lau, amma ba ya ji, ko kuwa sai tasha mai ƙarfi yake kamawa. Galibi ƙofar ɓangaren karɓa ce ta ƙone. A wuraren da ake cusa eriya biyu ko uku a kan rufin bene ɗaya, wat 100 daga eriyar maƙwabci ya isa ya yi wannan ɓarna. A Riyad kuma guguwar ƙura ce ke tara lantarki a jikin doguwar waya har ya sauko cikin rediyo.

Da farko ka cire eriya, ka ba shi sigina daga injin gwaji a 14.2 MHz, ƙarfin -73 dBm, wato maikrobolt 50. Lafiyayyen rediyo zai nuna S9 a kan ma'aunin ƙarfin sigina. Ka bi zango-zango kana rubuta abin da allura ta nuna. Wannan takardar ce za ta nuna maka hanya, kada ka taɓa ƙarfen dalma kafin ka cika ta.

Idan zango ɗaya ne kurma, duba diyod ɗin da ke buɗe matatar wannan zangon. Idan duka ne, ka faro daga bakin eriya. Tsofaffin rediyo irin su Yaesu FT-101 suna da ɗan ƙwan fitila da ke aikin fiyus. Idan zarensa ya tsinke, ka huta, canji kawai. Daga nan sai rilai, makunnin da ke sauya eriya tsakanin aikawa da karɓa, wanda danshin Jidda ke saurin dusar da bakinsa, sannan rasistocin ATT, wato ɓangaren rage ƙarfin sigina. Rasistan da ya ƙone yakan yi duhu ko ya tsage, wani lokaci har da ƙauri.

Diyod ne ke yaudarar masu gyara. Kashe wuta, ɗaga ƙafa ɗaya daga allo, sannan ka auna: kusan bolt 0.6 ta gefe ɗaya, babu komai ta ɗaya gefen. Amma wanda ya ji rauni yakan ci wannan gwajin alhali yana yoyo, sai ka ji tashoshin wani zango suna kutsowa cikin naka. Idan ɗaya ya mutu, canza abokan layinsa duka. Kuma kada ka sa diyod na gama-gari 1N4148 a gurbin diyod na PIN, wanda aka yi don buɗe wa siginar rediyo hanya da rufe ta. Zai yi aiki, amma sigina mai ƙarfi zai riƙa haddasa hayaniya.

Idan duk waɗannan lafiya, saura taransistan ƙara ƙarfi da na mahaɗar farko, inda ake fara sauya mitar sigina. An daina ƙera taransistan 2SK125, akan maye shi da J310, sai dai ka tabbatar da jerin ƙafafunsa tukuna. A mahaɗa, canza su gaba ɗaya, ba ɗaya-ɗaya ba. Ɗaura igiyar sauke lantarki a hannu, don lantarkin da ke taruwa a jiki a busasshiyar iska kan kashe sabon taransista tun kafin ya hau allo.

Bayan gyara, sake gwajin S9 a kowane zango. Sa rasista mai kilo'om 100 tsakanin eriya da ƙasa, kuma da zarar sama ta yi ja, zare wayar eriya.