Yadda ake killace amfanin ɓawon lemo da mangwaro a cikin ƙaro

Duk wanda ya taɓa ratsa Mile 12 ko kasuwar kayan marmari ta Ketu a Legas da yamma ya san tulin ɓawon da ake zubarwa, ɓawon abarba, na lemo da 'yan uwanmu masu fere lemo ke tarawa a buhu, na mangwaro in lokacinsa ya zo, duk a bola. Abin na damuna wallahi, don wani amfanin ma ya fi yawa a ɓawon fiye da tsokar da muke sha.

Amfanin da nake magana wasu sinadarai ne da ake kira antiyoksidan. Ka yanka ayaba ko tuffa ka ajiye, jim kaɗan ta yi duhu ko? Iska ce ta ci ta. Ka matsa lemon tsami a kai sai ta daɗe ba ta canza ba. To aikinsu ke nan, tare ɓarnar iska. Ɓawon lemo na da hesperidin da bitamin C, na mangwaro na da mangiferin da quercetin, na ruman na da punicalagin. Matsalar ita ce su ma ɗin rana da zafi da iska na kashe su, ga kuma damshin Legas da ke sa komai ya yi fumfuna cikin kwana biyu. Shi ya sa masana ke lulluɓe su a cikin wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwanso da ido ba ya rarrabewa, aikin da suke kira maikuro-enkafsuleshan. Kuma ka san ɗaya daga cikin abubuwan da aka fi yin ƙwanson da su? Ƙaro. Ee, ƙaron nan namu na Yobe da Borno da Jigawa da ake sa wa tawada da gugar hula, sai maltodextrin da ake samu daga sitacin masara ko rogo.

Ga yadda za ka gwada a gida.

Fara da zaɓen ɓawo. Sabo, wanda aka fere yau, ba wanda ya kwana a leda ya fara tsami ba. Ka wanke ɗan itacen sosai tun kafin a fere shi saboda maganin feshi, kuma in kana zargin da kabaid aka nunar da mangwaron ka bar shi kawai, NAFDAC ta sha gargaɗi a kan wannan. Wasu mutane ɓawon mangwaro na sa musu ƙaiƙayi a leɓe da hannu, in kana cikinsu ka tsaya a lemo.

Sai shanya, kuma nan ne akasari ake yin kuskure. Mun saba da baza kuɓewa da tumatir a rana tsaka a gida Arewa, to wannan ba haka ba ne. Yanka ɓawon siriri-siriri ka baza a tire a inuwa inda iska ke kaɗawa, ko ka kunna masa fanka, in kuma kana da obin ka sa shi a wuta mafi ƙanƙanta wajen digiri 50 ka ɗan buɗe ƙofar. In ya karye ƙas a hannunka ya bushe, in yana lanƙwasa da saura. Ka daka a turmi ko bilanda ka tankaɗe.

Yanzu tatsar sinadarin. A ɗakin gwaji suna haɗa ruwa da ethanol, wato sinadarin barasa, don ya fi janyowa, amma a gida ruwa ya wadatar. Kofi 1 na gari, kofi 10 na ruwan ɗumi mai ɗan zafi, ba tafasasshe ba don Allah, ka matsa lemon tsami kaɗan ka rufe tukunyar ka bar ta kamar awa 1 kana juyawa lokaci-lokaci. Tace da farin ƙyalle mai tsabta sau biyu.

Ƙaron kuma tun daren jiya ya kamata ka jiƙa shi. Nemi fari mai haske irin wanda ake ci, a wurin masu kayan Arewa na Agege ko Idi-Araba za ka iya tambaya, ka tsince itace da ƙasa, ka jiƙa ya narke ka tace. A kowane lita 1 na ruwan ɓawo ka sa wajen giram 150 na ƙaro, in ka samu maltodextrin a wurin masu kayan kek ka raba biyu, rabi ƙaro rabi shi. Ka markaɗa a bilanda har ya zama ruwa ɗaya mai kauri ba gudaji. Kar ka yi rowar ƙaro, in ya yi kaɗan garin zai fito yana danƙo kamar alewa kuma ba abin da zai lulluɓe.

Busarwa ta ƙarshe ita ce ta raba mu da kamfani. Su suna da inji da ke fesa ruwan kamar raɓa cikin iska mai zafin digiri 150 zuwa 180, kowane ɗigo ya bushe nan take kafin zafin ya illata abin da ke ciki, wasu kuma daskarar da shi suke yi su zuƙe ƙanƙarar. Mu dai sai mu zuba shi siriri a tire mai shimfiɗar takardar gashin kek, mu mayar obin a digiri 50 ɗin nan har ya zama kamar gilashi, a ɓamɓare a niƙa. Gaskiya ƙwayoyinmu ba za su kai na inji ƙanƙanta da daidaito ba, amma ƙaron ya riƙe sinadarin a jikinsa, iska ba ta kai masa da sauƙi.

Da ka niƙa kar ka bar shi a buɗe ko minti goma, ƙaro na shan damshi, balle a damina. Zuba a kwalba mai duhu busasshiya, toshe bakin sosai, ajiye nesa da murhu da taga. Ƙaramin cokali a kunu ko zoɓo ko yogot ya isa, ka zuba bayan ka sauke ya huce. Ba magani ba ne, mai ciwon suga ko hawan jini kar ya ajiye ƙwayarsa saboda shi, mai suga ma ya bar maltodextrin ɗin ya yi da ƙaro zalla. In ka ga ya dunƙule ko warinsa ya sauya, zubar ka sake sabo.