Yadda ake gano abin da ya hana kwamfuta ganin firinta a layin cikin gida

A shagunan buga takardu na Maradi, musamman waɗanda ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ke cikawa lokacin miƙa kundin kammala karatu, sau da yawa akan ɗauke wuta a dawo da ita, sai kwamfuta ta ce firinta ba ta kan layi alhali ga ta nan a kunne. Masu shago da dama sukan yi gaggawar goge manhajar firintar su sake saka ta, abin da nake gani ɓata lokaci ne, domin yawanci lambar adireshin firintar ce ta sauya.

Ka fara da abin da ido ke gani. Duba kebul ɗin da ya haɗa firinta da rauta, wato akwatin da ke raba Wi-Fi, ka tabbata ƙananan fitilun bakin ramin suna walƙiya. Idan a mace suke, ka zare kebul ɗin ka hure ƙurar da hunturu ya tara a ramin, ka mayar har ka ji ya kama, in ya ƙi ka gwada wani. Ka kuma tabbata kwamfutar tana haɗe da rautar shagon, domin sau da yawa wani ya raba mata intanet daga salularsa lokacin da babu wuta, ta kuwa zauna a can ko bayan wutar ta dawo.

Daga nan sai lambobi. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta cmd, sannan a baƙar tagar da ta buɗe ka rubuta ipconfig. Da yake yawancin kwamfutocinmu da Faransanci suke, layukan da za ka nema su ne «Adresse IPv4», «Masque de sous-réseau» da «Passerelle par défaut». A ce ka ga 192.168.1.15, da 255.255.255.0, da 192.168.1.1. Ma'anar lamba ta biyu ita ce duk na'urar da za ta yi magana da wannan kwamfuta kai tsaye dole kashi uku na farkon adireshinta su zama 192.168.1, na ƙarshe ne kawai zai bambanta, kamar gidajen unguwa ɗaya da kowanne ke da lambar ƙofarsa. Idan kuwa adireshin ya fara da 169.254, to rauta ba ta ba kwamfutar lamba ba, Windows ce ta ƙirƙira wa kanta. Hakan yakan faru idan kwamfuta ta riga rauta tashi, kuma rubuta ipconfig /renew yakan wadatar.

Yanzu ka nemi adireshin firintar daga jikinta, ko dai a ɗan allonta cikin saitin layi, ko ta hanyar buga takardar bayanin saitinta. Kada ka dogara da lambar da ka sani jiya. A ce ta nuna 192.168.1.23, sai ka koma baƙar taga ka rubuta ping 192.168.1.23, wato umarnin da ke gwada ko firintar za ta amsa wa kwamfuta, kana lura cewa a allon rubutu na AZERTY sai an riƙe Maj kafin lambobin jeren sama da ɗigo su fito. Idan amsa ta zo da «Réponse de 192.168.1.23» tare da lokaci, hanya lafiya lau take. «Impossible de joindre l'hôte de destination» na nufin an yi sallama a unguwar ba a sami mai wannan lamba ba, sai ka koma kan kebul ko Wi-Fi na firintar. Firintoci da yawa zangon Wi-Fi na 2.4 GHz kaɗai suke kamawa, kuma layin baƙi da ake buɗe wa kwastomomi yakan hana na'urori ganin juna da gangan.

Idan ping ya amsa amma bugu ya ƙi, yawanci kwamfutar tana aika aiki ne ga tsohon adireshi. Rauta aron lambobi take bayarwa ta tsarin DHCP, kuma bayan ɗaukewar wuta tana iya ba wata salula lambar da firinta ke riƙe da ita. A kwamfutar, shiga «Propriétés de l'imprimante», ka buɗe shafin «Ports», ka danna «Configurer le port», ka sa sabuwar lambar, sannan ka share ayyukan da suka maƙale a jerin jira kafin ka gwada shafi ɗaya.

Don kada a maimaita wannan wahala gobe, ka rubuta lambar «Passerelle par défaut» a burauza ka shiga shafin rauta, ka nemi wurin keɓe adireshi a sashen DHCP, ka ɗaure lambar firintar da adireshinta na MAC, wato lambar shaidar da aka ƙera ta da ita, wanda yake cikin takardar saitin da ka buga. Na fi son wannan hanya a kan sa lamba da hannu a jikin firinta, domin rauta ba za ta ƙara ba wani lambar ba. Bayan haka ka kashe duka biyun, ka kunna rauta, ka jira kamar minti 2 kafin ka kunna firinta, ka sake yin ping, sannan ka rubuta lambar a 'yar takarda ka manna a gefen na'urar domin yaran shago.